Wa zai fara, wa zai zauna a benci? Tambayoyi da amsoshi kan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Mu da muke hana idonmu barci ƙarfe biyu na dare don kallon wasannin jami'o'in Amurka mun san kalar tambayoyin da ake mana a majalisa da safe, musamman daga 'yan'uwa da suka saba da ƙwallon ƙafa, inda in aka ajiye ka a benci to an gama da kai a ranar. Na tattara waɗanda aka fi yi min na amsa iya sanina. Wasan maza na rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, nake magana a kai, in na taɓo wani abu daban zan faɗa.

Wai me ya sa ake ta surutu kan wanda zai fara, ba canji ake yi kullum ba?

Eh ana canji, kuma ba iyaka, mutum zai fita ya sha ruwa ya dawo sau nawa ma koci ya ga dama, in dai ƙwallo ta tsaya. Za ka ga yaro ya cire rigar sama ya ruga teburin masu rubuta maki ya durƙusa a gaban teburin yana jira, ana busa ƙaho rafali ya yafito shi, shikenan ya shiga ya nuna wanda zai fita. Sai dai sunayen biyar ɗin farko dole a miƙa su ga teburin minti 10 kafin a fara.

Amma ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Wasa minti 40 ne, rabi biyu kowanne minti 20, mutum biyar ne a fili, kenan minti 200 koci yake da su a aljihu kuma ba ƙari sai in an tafi ƙarin lokaci. Wannan 200 ɗin shi ne ainihin abin da ake rabo. Duk minti ɗaya da ka ba wane to daga bakin wani ka cire shi. Sunan wanda ya fara girma ne, ana kashe fitilu a kira sunanka jama'a su yi ihu, iyaye suna kallo a gida, ba zan ce ba komai ba ne, amma ni abin da nake fara dubawa bayan wasa shi ne wa ya samu minti nawa, kuma su wa ke cikin fili a minti huɗun ƙarshe.

To ba biyar ɗin da suka fi iyawa kawai zai ɗauka ya zuba ba?

Da haka ne ai da kowa ma ya zama koci. Ƙwallo ɗaya ce tal a filin, in ka zuba mutum biyar da kowannensu sai ƙwallo na hannunsa yake iya wasa, huɗu za su tsaya suna kallon ɗaya. Dole a samu mai ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara wasa, a samu aƙalla biyu da in aka bar su a bayan layin maki uku za su hukunta mutum, don su ne suke buɗe fili, a samu dogo mai tsare ƙarƙashin kwando yana cafke duk ƙwallon da ta dawo daga allo, sannan a samu wani mai zuciya da za a ce masa ga gwarzonsu can, manne masa, ko bai ci maki ko ɗaya ba ya yi aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma hannaye biyar in duk gefe ɗaya suka kama jinkar ba za ta tashi ba.

Misalin da na fi so shi ne UConn, wato Jami'ar Connecticut, a 2023. Kocinsu Dan Hurley yana da dogaye biyu, Adama Sanogo ɗan Mali da Donovan Clingan wanda a lokacin sabon shiga ne, kuma duk wanda ya kalli Clingan ya san a yawancin jami'o'i shi zai fara. Amma dukkansu 'yan ƙarƙashin kwando ne, in ka haɗa su tare sun toshe wa juna hanya sun toshe wa masu kutsawa. Sai Hurley ya raba musu minti 40 na wannan gurbin, Sanogo ya ɗauki kaso mai yawa, yana fita Clingan ya shigo da sabon ƙarfi, abokan hamayya ba su da lokacin numfashi ko kaɗan. Suka ci kofin gasar jami'o'i ta ƙasa, wadda ake farawa a watan Maris. Sanogo ya tafi, Clingan ya gaji gurbin, suka sake ci a 2024.

Wani lokacin kuma larura ce ke zaɓa maka. Villanova a kakar 2005-06 Curtis Sumpter ya ji ciwo a gwiwa, Jay Wright ya duba abin da ya rage masa sai ya fara da gajeru huɗu masu gudu, Randy Foye, Allan Ray, Kyle Lowry da Mike Nardi, da dogo ɗaya kacal, kuma suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe.

Mutum nawa ya kamata su riƙa shiga a wasa ɗaya?

Nan ne kocina suka rabu gida biyu. Kafin 2025 an daɗe ana ba jami'a damar ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 13, ga kuma waɗanda suke shiga tim ba tare da sikolaship ba, amma a wasa mai zafi da wuya ka ga fiye da takwas ko tara sun taka fili da gaske. Yi lissafin da kanka: ka ba biyar ɗin farko 34, 33, 32, 30 da 28, ka kashe 157 kenan, saura 43, na shida ya ɗauki 20, na bakwai 15, na takwas 8, kuɗi ya ƙare. Na tara zuwa ƙasa sai dai tafi da miƙa tawul.

Kuma a wasan da ake nunawa a talabijin akwai hutun talla sau huɗu a kowane rabi, da zarar ƙwallo ta tsaya bayan agogo ya sauko ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4, ga taim-awut na kocina, to yaro ɗan shekara 20 mai lafiya zai iya yin minti 35 ba matsala. Masu wayo ma sukan cire gwarzonsu 'yan daƙiƙu kafin hutun talla, ya huta sosai a zahiri amma agogon wasa bai ci komai ba. Jim Boeheim na Syracuse, wanda ya yi kaka 47 kafin ya sauka a 2023, ya shahara da amfani da mutum kaɗan, kuma tsaron yanki da yake yi yana taimakawa tunda ba bin mutum ake yi ko'ina ba. A ɗaya gefen akwai irin su Nolan Richardson na Arkansas da ya ci kofi a 1994, shi matsi yake yi tun daga ƙarshen fili har ƙarshen fili minti 40 cur, irin wannan wasan ba ya yiwuwa da mutum bakwai, dole ka yi ta zuba sabbin ƙafafu. Leonard Hamilton ma lokacin da yake Florida State haka ya riƙa yi, mutum goma har sha ɗaya.

Ni dai ra'ayina takwas zuwa tara, kuma na tara ɗin a ba shi mintinsa na gaske tun a Nuwamba da Disamba, ba sai an ci da tazarar maki 30 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Maris na 2009 Syracuse da UConn sun yi ƙarin lokaci har sau shida, aka tashi 127 da 117, Jonny Flynn ya buga minti 67 cikin 70, fawul ya yi ta cinye mutane har sai da Boeheim ya leƙa can ƙarshen benci ya ɗauko yaron da ko sikolaship ba shi da shi. Rana irin wannan ba ta sallama kafin ta zo.

Na ji an ce akwai kocin da yake canza mutum biyar a lokaci ɗaya, da gaske ne?

Da gaske ne, John Calipari ne a Kentucky kakar 2014-15. Matsalarsa ta masu arziki ce, ya tara yara wajen goma da kowannensu ke hangen NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, wasu da aka zata za su tafi suka ƙi tafiya, ga sabbi sun iso. Sai ya raba su runduna biyu, biyar su fara, bayan 'yan mintuna ya kwashe su gaba ɗaya ya zuba wasu biyar. Karl-Anthony Towns da Willie Cauley-Stein da tagwayen Harrison a rukunin farko, Devin Booker da Tyler Ulis da Dakari Johnson a na biyu. Towns da aka ɗauka na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA a 2015 minti ashirin da ɗan wani abu yake bugawa a wasa, ka ji fa.

Sai Alex Poythress ya ji ciwo a gwiwa a Disamba, tsarin ya fara sassautawa, kuma da wasanni suka yi tsauri Calipari ya koma barin wanda ke ci a fili kamar kowa. Sun ci wasa 38 a jere, Wisconsin ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe 71 da 64. Har gobe ana musu a kan ko ya kamata Booker da Ulis su fi daɗewa a fili a mintunan ƙarshen wannan wasan. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne rabon daidai-wa-daida yana kwantar da hankalin ɗakin canza kaya watanni huɗu, amma ranar da wasa ya rage maki biyu dole ka san su wa ne biyar ɗinka, kuma su ma su sani tun kafin ranar.

Yaron da nake so benci yake farawa, ba raini ba ne wannan?

Wallahi ba raini ba ne ɗan'uwa, wannan tunanin ƙwallon ƙafa ne. Marvin Williams bai fara wasa ko ɗaya ba a North Carolina a shekarar da suka ci kofi, 2005, amma shi aka ɗauka na biyu a NBA. Booker ɗin nan bai taɓa farawa a Kentucky ba. Donte DiVincenzo daga benci ya taso a fainal ɗin 2018 ya zuba wa Michigan maki 31, Villanova ta ci kofi aka ba shi gwarzon gasa. Scottie Barnes yawancin wasanninsa a Florida State daga benci ne, Toronto ta ɗauke shi na huɗu a 2021, lokacin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya ne shugaban ƙungiyar.

Kuma ga namu na gida. Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya sauka Jami'ar Houston a 1980, shekarar farko bai buga ko wasa ɗaya ba, ta biyu daga benci Guy Lewis yake sako shi. Da hutu ya je ya yi ta gwabzawa da Moses Malone, wani gwarzon NBA, a wani filin unguwa a Houston, ya dawo wani mutum daban, a 1983 aka ba shi gwarzon gasa duk da sun faɗi a fainal, a 1984 shi ne na ɗaya a NBA gaban Michael Jordan. Shekara biyun nan na zama da kallo suna cikin abin da ya gina shi.

Dalilin da ya sa koci ke ajiye mai ci a benci da gangan shi ne wajen minti na shida ko na bakwai, lokacin da kowa ya fara cire manyansa, in duk masu cinka sun fara tare to tare za su gaji, ka koma minti huɗu ba maki. Na shida ɗin nan yana shigowa ne ya tarar da 'yan bencin wancan gefen ya yi ta cin kasuwarsa.

To koci ba ya kuskure kenan a wannan?

Yana yi mana. Kentucky ɗin dai a 2023-24, Reed Sheppard da Rob Dillingham daga benci suke tasowa kusan duk kakar alhali kowa na ganin suna cikin waɗanda suka fi kowa a tim ɗin, magoya baya suka yi ta ƙorafi. Mintuna dai suna samu da yawa, ba a nan matsalar take ba, matsalar ita ce sau da yawa sai an fara bin su bashi sannan a sako su. Oakland ta fitar da su a zagayen farko 80 da 76, kuma wanda ya kashe su, Jack Gohlke, shi ma daga benci ya taso ya jefa maki uku sau goma. Bayan nan Calipari ya koma Arkansas, aka ɗauki Sheppard na uku a NBA, Dillingham na takwas. In biyar ɗinka na farko kullum sai sun haƙa rami 'yan benci su zo cikewa, to ka canza su, alƙawarin da ka yi wa wani lokacin ɗaukarsa bai kai wasan tim ba.

Me ya sa da yaro ya yi fawul biyu sai a zaunar da shi har hutun rabin lokaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai. A jami'a fawul biyar ne ka fita, ba shida ba kamar NBA, shi ya sa kocina da yawa suke da doka a kansu: biyu a rabin farko, zauna. Za ka ga mataimakin koci da 'yar takarda a hannu ya ɗaga yatsu biyu, kafin yaron ya juyo ma an tura wani teburi. Har Ken Pomeroy, mai shafin ƙididdigar nan da kowa ke dubawa, yana da lissafi na musamman kan yadda kowane koci yake barin mai fawul biyu a fili.

Na fahimci tsoron, ana so a same shi a ƙarshe. Amma duba fa, tsoron kada rafali ya fitar da shi sai kai ka fitar da shi da hannunka minti 12, sannan a tashi wasa yana da fawul uku, biyun da ka adana me suka amfana maka? Maki na rabin farko da na rabin ƙarshe duk ɗaya ake rubuta su. Ni a ganina a duba mutum ne. Dogo mai tsalle kan kowace ƙwallo, wanda bai iya riƙe hannunsa ba, eh a zaunar da shi. Amma ɗan aji huɗu mai hankali wanda ya san yadda zai tsare mutum ba tare da ya kai hannu ba, a bar shi, ko a riƙa sako shi lokacin kai hari a cire shi lokacin tsaro in ƙwallo ta tsaya.

Su wa ya kamata su rufe wasa?

Waɗanda ba sa zubar da ƙwallo, waɗanda ke cin jifan fawul, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa fawul daga kan layi ba mai tsare shi, da waɗanda za su iya tsare kowa in masu tsaro sun yi musayar wanda suke bi. Daga fawul na bakwai na tim a rabi guda ana zuwa layi, in ka ci na farko a ba ka na biyu, daga na goma kuma biyu ne kai tsaye, don haka wanda hannunsa ke rawa a layi ya zama ƙofa. Udoka Azubuike, ɗan Najeriya da ya buga wa Kansas, a ƙarƙashin kwando ba mai iya masa, amma jifan fawul ya ƙi shi. A Janairun 2018 Oklahoma suka yi ta masa fawul da gangan a mintunan ƙarshe, kocin Kansas Bill Self ya ƙi cire shi don yana so yaron ya samu ƙwarin gwiwa, ya yi ta ɓararwa, Kansas ta faɗi, Self ya fito ya ce laifinsa ne. Na ji tausayin yaron ƙwarai a daren, fuskarsa kawai za ka kalla a layin. Niyyar kocin mai kyau ce amma ba a wannan mintin ake gina mutum ba.

Sabon shiga ko ɗan aji huɗu?

Kafin 1972 ma ba a barin 'yan aji ɗaya su buga wa babban tim. Michigan ce ta girgiza kowa a 1992 da Steve Fisher ya fara da sabbin shiga biyar, Chris Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson, suka kai fainal shekara biyu a jere amma ba su ci ba. Tsoho ya san inda zai tsaya a tsaro, sabo yana da abin da ba a koyarwa. In sun yi kusa da juna a Nuwamba ni sabon zan ba mintuna, don zuwa Maris ya wuce shi. Akwai kuma al'ada mai kyau da ake dangantawa da Dean Smith na North Carolina, wasan gida na ƙarshe 'yan aji huɗu ne ke farawa ko da mutum bai taɓa buga minti biyar ba. Shi ne kuma yake barin yaro ya ɗaga dunƙulallen hannu in ya gaji a cire shi, in ya huta ya koma da kansa.

Yanzu da yara ke canza makaranta yadda suka so, ya shafi rabon mintuna?

Sosai ma. Da, in ka bar makaranta sai ka zauna shekara guda ba wasa, wannan ya sa na tara da na goma suke haƙuri su jira lokacinsu. A 2021 aka cire wannan zaman ga canjin farko, a shekarar ce kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. To yanzu yaron da ka ba minti takwas yana da waya a hannu da mutane masu kiransa, kakar na ƙarewa ya tafi inda za a ba shi 28. Ban ga laifinsa ba, shekarunsa na wasa ƙidayayyu ne. Amma irin zaman da Hakeem ya yi, ko shekarar da Clingan ya yi a bayan Sanogo, yana ƙara wuya, kuma kocin da bai iya zaunar da yaro ya gaya masa gaskiyar matsayinsa tun farkon kaka ba zai yi ta gina tim daga tushe duk shekara.

A gasar Maris me ke canzawa?

Benci yana gajarta. Faɗuwa ɗaya ka koma gida, hutun talla ya fi tsawo, ba wanda ke ajiye ƙarfi don gobe, mai minti 30 ya koma 37, na takwas ya koma minti uku ko babu. A fainal ɗin 1966 Don Haskins na Texas Western mutum bakwai kawai ya yi amfani da su, dukkansu baƙaƙen fata, biyar ɗin da ya fara da su kuma shi ne karo na farko da aka ga haka a fainal, suka doke Kentucky ta Adolph Rupp 72 da 65 a lokacin da jami'o'i da yawa a kudancin Amurka ba sa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya.

Mai azumi fa, ana rage masa mintuna?

Ya danganta da mutum da kuma lokacin wasa, ba wata doka a kai. A 2023 azumi ya kama ana tsakiyar gasa kuma Sanogo bai ajiye ba. Wasan kusa da na ƙarshe da Miami a Houston shan ruwa ya zo daf da fara wasa, ya ɗan sa wani abu a ciki ya shiga ya ci maki 21. Nan ne amfanin Clingan ya ƙara fitowa, don Hurley bai taɓa buƙatar ya ja Sanogo minti 38 ba, yana da wanda zai riƙe gurbin ba tare da tim ta ji a jikinta ba. Fainal ɗin da San Diego State ranar 3 ga Afrilu ne, a nan gida wajen ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare aka fara, na kalla a waya na jingina ta da fulas ɗin shayi, ana tashi ana kiran mutane sahur a masallacin unguwa. An tashi 76 da 59, Sanogo yana da maki 17 da ribawun 10, wato cafke ƙwallon da ta dawo daga allo, aka ba shi gwarzon gasa.